Ɗan-lalle, Kifin Randa

Garin da anka kai ni aure yana cikin dallol, wato babban kwarin nan na ƙasarmu, ba nisa da Filinge, kuma ba shi da gulbi. Tabki guda gare shi a bayan gari, ya cika da damana, ya ƙafe da rani har lakarsa ta tsattsage, akuya ta ƙetare shi ba ta jiƙa kofato ba. Maza ne ke ce mishi tabki. Mata Uwa suke kiran shi.

Ni ɗiyar Sanam ce. Mu can ba mu san kifi ba sai busasshe na kasuwa, wanda warinsa ke raka mutum har gida. Shi ya sa bayan haihuwata ta fari, ran da na buɗe randa in ɗebi ruwa na ga wani abu yana wulgawa ciki, na saki ludayi na kurma ihu. Uwar mijina, wadda nake kira Inna, ta yi dariya har sai da ta dafa bango.

"Zo nan, ɗiyar tudu," ta ce. "Kawo ƙoƙo ki ga baƙinki."

Ta kamo guda ta kai shi hasken rana. Tsawonsa bai kai ƙaramin yatsana ba. Jikinsa shuɗi mai ƙyalli kamar rawanin Buzaye sabon bugu, da ɗigo-ɗigon ja, wutsiyarsa kuwa ja wur kamar wadda ta kwana da lalle. Don haka ake ce mishi ɗan-lalle. Wannan namijin ke nan. Macen launin toka ce, ba ado ko kaɗan. Inna ta ce haka Allah ya raba musu, ba irin namu ba, su mazan ke kwalliya matan na aiki.

Ba a cin shi. Ko kyanwa ba ta ƙoshi da shi. Amfaninsa a randa yake. Duk gidan da anka haihu cikin shekara, in ruwa ya zauna a tabki kifin ya fito, sai a je da ƙoƙo a aro biyu ko uku a sa a randar mai jego. Su cinye ƴan tsutsotsin nan masu wutsil-wutsil, ruwa ya zauna garau. In an yanke hatsi, tun tabki bai ja baya ba, mata su taru kowacce da goyonta da ƙoƙonta, a je gindin gawon da ke bakin ruwa, a zuba, a ce, "Uwa, ga aronki." Wanda ya mutu a randa ma ana kai gawarsa. Wadda ta ƙi mayarwa, an ce ɗanta ba zai ga wata kaka ba. Malaman garin sun sani, ba su taɓa cewa a yi ba, ba su kuma taɓa tsayawa kan hanya ba, don matansu na cikin jerin.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne inda yake fitowa. Tabki ya bushe ƙamas wata da watanni, ruwa ya sauka, ba da jimawa ba ga kifi. Yawancin mata sun ce Uwa ce ke haihuwarsu. Wasu sun ce da hadari suke faɗowa. Inna ita kaɗai ta ce a laka suke kwana. Ta ce gaiwa, kifin nan mai kama da maciji da maza ke tonowa da bazara, da jikinta take kwanciya cikin laka, shi kuwa ɗan-lalle ƙwansa yake binnewa ya mutu abinsa. Ta faɗa mini haka muna sussuka, ba da wani nauyi ba, kamar mai faɗin inda ta ajiye tsintsiya.

Babbar ɗiyarta, yayar mijina, wadda ke aure a unguwar gabas, ba ta yarda da wannan ba. Yaya nake ce mata. Mace ce mai murya, in ta yi magana a bakin rijiya ana jin ta a masallaci. Ita kuma amarya take kirana, har na yi furfura ba ta sauya ba.

Inna ta rasu kafin abin ya zo. Allah ya rufa mata asiri.

Zamanin soja ne, shekarar da hatsi ya ƙone a tsaye. Rumbuna ba kome, muna cin kopto, kwaɗon ganyen da a da ko jaki ba mu ba. Sai ga kumandan, sojan da ke mulkin yankin, daga Filinge da mutanen porje, masu aikin raya karkara, cikin mota. Anka tara mu ƙofar maigari, anka ce za a yashe tabki a zurfafa shi, ruwa ya riƙa kwana har rani, shanu su sha, a yi noman rani. Wanda ya yi aiki a ba shi jar dawa da mai. Ba wanda ya ce a'a. Soja ba ya shawara, yunwa kuma ba ta gardama. Samariya, ƙungiyar aikin gayya ta gwamnatin soja, ta ɗora Yaya kan mata, anka damƙa mata tiyar awo, murya ta ƙaru.

Maza na sara da diga, mu muna kwasa da kwanduna muna tulawa can bisa gaɓa inda ruwa ba ya kai. Na ɗauka kamar kowa, ƴaƴana ba laka za su ci ba. Gaiwar da diga ta tono, nan take anka gasa anka cinye. Amma da aiki ya doshi tsakiya, inda ruwa ke yin kwanansa na ƙarshe, sai maganar Inna ta tsaya mini a rai. Ban san ko gaskiya ce ba. Na dai ce in gaskiya ce, to abin da muke zubarwa bisa gaɓa ba laka ce kaɗai ba.

Akwai wani ɗan kududdufi a gindin gonar maigidana, ƙasarsa yumɓu, yana riƙe ruwa har kaka sannan ya bushe. Faɗinsa bai fi tsakar gida ba. In an tashi aiki da la'asar sai in ɓamɓaro ɓawon lakar tsakiya, baƙar nan ta sama, in cika kwando in nufi gona. Na yi ta yi har tsakiyar ta ƙare. Na shimfiɗa ta cikin kududdufin, na rufe da kara da ƙaya don awaki.

Maigidana ya same ni can wata rana, ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Ke, matan mutane na kai dawa gida, ke kina kai wa gona laka? Ko yunwar ta hau kai?"

"Gonarka na ci?"

"Ba ki ci ba."

"To ka bar ni da haukata, ba ta cin hatsi."

Ya girgiza kai ya wuce. Mutum ne mai sauƙi, Allah ya jiƙansa. Sauƙin nasa ma na da nasa ciwo, za ku ji.

Damana ta zo da kyau. Tabki ya cika, ya yi zurfin da ba mu taɓa gani ba. Anka kawo masunta daga gulbi da manyan gangunan ƙarfe cikin kamiyo, babbar motar kaya, sunka juye tarwada da karfasa. Ba zan ɓoye alheri ba: mun ci kifi, mun ci salati da kabewa da rani, Fulanin da ke wucewa sun shayar da shanunsu ba faɗa a bakin rijiya. Amma masu jego sunka yi ta zuwa gindin gawo da ƙoƙuna suna dawowa da ruwa zalla. Ɗan-lalle bai fito ba.

Ni kuwa kullum in na kai wa maza fura gona sai in ratse in tsuguna bakin kududdufi. Kwana da kwanaki ba kome sai ƴaƴan kwaɗi. Ran nan na ga wasu ƴan abubuwa kamar tsinken ciyawa suna tsayawa cak su zabura. Ban gaya wa kowa ba. Na bari sai da wutsiya ta fara ja. Ranar na zauna a ƙasa da zanena mai kyau, na ce, "Inna, ashe ba ki yi ƙarya ba."

Gari ba ya riƙe sirri. Kafin Juma'a mata sun cika gindin gonarmu, Yaya a gaba. Ta leƙa, ta tafa hannu.

"Allahu akbar! Ashe Uwa yawo ta aiko ƴaƴanta, hayaniyar diga ta dame su."

Na ce, "Yaya, a kaina sunka zo yawon, cikin kwando."

"Ji amarya! To sannu da dako."

Anka yi dariya, ni ma na yi. Na ba kowacce da hannuna, raina fari. Ban kawo kome a zuciya ba sai da kaka ta yi. Na ga sun jeru da ƙoƙuna sun nufi gindin gawo, na bi su. Ta farko ta zuba ta ce, "Uwa, ga aronki." Ruwa ya motsa. Wani baƙin baki mai gashi ya taso ya buɗe ya rufe. Ta biyu ta zuba, tarwada sunka taru kamar kajin da anka watsa wa tsaba. Matan suna guɗa. Sun ce dubi yadda Uwa ke marmarin ƴaƴanta.

Na ce, "Jama'a, ku dubi da kyau, cinye su ake yi. Inda kunka aro nan za ku mayar."

Yaya ta juyo. "Wurin wa munka aro? Wurinki?"

"Kududdufi."

"Kududdufi uwar wa ne? Kakanninmu gindin gawon nan sunka zuba, nan anka zuba nawa, nan anka zuba na mijinki, ga shi da gemu. Ke da anka kawo ki bisa jaki daga Sanam, garin da ko kwaɗo sai ya yi guzurin ruwa, ke za ki nuna mana inda Uwarmu take? Baƙo makaho ne ko da idonsa, amarya."

"Makaho ya ga bakin tarwada, mai ido bai gani ba."

Ta ce in ja bakina. Na ja, don a gaban mutane ne kuma yayar miji ce.

Daga shekarar na sauya hannu. Ba mai ɗiba sai na ga mazan kifin sun fara danna matansu cikin laka suna karkarwa, na san an binne na baɗi. Sannan in ba kowane gida biyu, ban ƙara ba. Na kafa ƴar rumfa a wurin, nan nake sussukata, nan nake kaɗa audugata. Sunka sa mini suna sarauniyar kwaɗi. Sunka ce na mai da abin Allah na gidanmu. In na doso rijiya sai wata ta ce, "Ku matsa, ga mai tabki." Ban damu ba. Abin da na ba su na san ya tafi ke nan, cikin tarwada zai ƙare, amma abin da ya rage cikin laka yana isa. Haka munka yi shekaru. Soja sunka tafi, siyasa ta zo, mutanen porje ba mu sake ganin ko ƙurar motarsu ba. Yaya ta sauya zane mai hoton wannan ta ɗaura mai hoton wancan, ba ta dai sauka daga kan mata ba.

Sai wata shekara da anka yi haihuwa da yawa, don kakar da ta gabata ta yi albarka an ɗaura aure ko'ina. Har gidana: matar babban ɗana ta haifi namiji. Na biyu ke nan gare ta, na farin bai kai yaye ba ya koma. Yarinya ce mai kunya, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba.

Ruwa ya sauka, kududdufi ya cika, ƴan kifin sun fito ke nan ko launi ba su yi ba, sai ga aike daga Sanam: yayana namiji ya rasu. Na ce wa maigidana, "Ka ga wurin can. Kada kowa ya taɓa sai na dawo." Ya ce to. Na tafi da niyyar in yi addu'ar bakwai in juyo, sai ƙorama ta cika ta yanke hanya, mota ba ta wucewa. Na daɗe fiye da yadda na so.

Ban shiga gida ba, da ƙunshina a kai na zarce gona. Ruwan ya zama kamar kunun kanwa. Sawun ƙafafu ko'ina, ciyawar baki duk an tattake. Na tsuguna har gwiwata ta yi tsami, ban ga ko guda ba.

Na sami maigidana yana gyaran hauya.

"Wa ya shiga?"

"Mata."

"Kana ina?"

"Ina nan. Yaya ce ta zo da kanta. Ta ce masu jego sun yi yawa bana, ba za su zauna jiran wadda ba a san ranar dawowarta ba. In hana yayata ruwan Allah?"

"Da mi sunka ɗiba?"

Ya ce, "Da zane. Biyu sunka riƙe nan, biyu can, sunka ja."

A tabki na da, ko garin duka ya shiga da zannuwa ba a kwashe shi, faɗinsa ya fi ƙarfin mutane. Kududdufi kuwa ja biyu ya ishe shi. Kuma sun kwashe su tun ba su san laka ba, ba abin da sunka bari ƙasa.

Saura dabara guda: suna nan da rai cikin randuna. In an mai da su kududdufi tun da sauran ruwa, za su binne ƙwai. Ni da ban taɓa roƙon kowa gishiri ba, na bi gida gida. In yi sallama, in yi barka, in ɗauki jinjiri in yi mishi wasa, sannan in faɗi abin da ya kawo ni. Na ce ba duka ba, ko namiji guda da mace guda. Kowacce ta ce, "To, Inna, in Allah ya so." Wata ta ce sai ta tambayi surukarta. Wata ta ba ni goro don in tashi.

Na je wurin Yaya daga ƙarshe. Na durƙusa mata, abin da ban yi ba tun ina amaryar gaske.

"Yaya, bana kaɗai. In sunka shiga tabki bana, an gama."

"Tashi, kada ki ɓata zanenki. Ke kifi kike ji, ni ƴaƴan mutane nake ji. In na ce su zuba a raminki, ɗa guda ya yi zazzaɓi ya tafi, wa za a kama? Ke ko ni?"

"Yara na mutuwa ko an zuba a tabki. Na farin matar ɗana ba a tabki anka zuba nasa ba?"

"Wannan kwanansa ne ya ƙare. Amma uwarsa ba ta kwana tana cewa da na sani. Kin san bambancin ko ba ki sani ba?"

Na sani. Na tashi na kakkaɓe zanena na fito.

Saura randa guda, ta cikin gidana. Matar ɗana na da huɗu ciki, maza biyu mata biyu, na leƙa na gani, wutsiya ta yi ja. Na yi mata magana a hankali, ta sunkuyar da kai tana murza bakin zane.

Ran da anka gama yankan hatsi, da hantsi na ji guɗa ta taso daga unguwar gabas. Na fito na tsaya bakin zaure. Ga matar ɗana ta fito daga ɗaki, goyo a baya, ƙoƙo a hannu ta rufe da faifai. Ta zo daf da ni ta tsaya, don na cika ƙofar. Na miƙa hannu. Ba ta ba ni ba, ba ta kuma ja baya ba. Ranar ce ta fara dubana ido cikin ido.

"Inna, ki yi mini gafara. Ɗa guda na riga na binne."

Yaron ya leƙo ta bayan kafaɗarta, yana tsotsar hannu. Kunnuwan ɗana ne sak. Ƙoƙon yana nan, in na fizge ba ta kokawa da ni, na san haka. Duk mai cewa shi da ya fizge, ya zo ya faɗa mini a gabana. Na matsa gefe, ta wuce. Ban bi su ba. Daga zaure ina jin guɗarsu a gindin gawo.

Damana ta gaba na koma bakin kududdufi ba da wani fata ba. Sai ga ƴan ƙalilan sun fito, ina jin ƙwan wata shekara ne da ya makara cikin laka. Sai fata ya dawo mini. Ban gaya wa ko maigidana ba. Na kwaso musu tsutsa daga tsofaffin tukwane, na kori balbela da dutse, ina jiran wutsiya ta yi ja. Sunka girma, sunka yi ƙiba, duka launin toka. Ba namiji ko guda. Cikinsu ya cika da ƙwai, suna sauka ƙasa suna shinshinar laka su taso, su sake sauka. Na yi yawo da ƙoƙo duk wani gurbin ruwa da ke cikin dallol, har wajen Bonkuku na aika a duba mini, ba a samu ba. Na zauna da su har ruwan ya koma taɓo. Bayan su ba a sake ganin ɗan-lalle a ƙasarmu ba.

Tabkin ma bai dawwama ba. Rairayi ya yi ta gangarowa yana cike shi, tarwada ta ƙare, yau yana ƙafewa da rani kamar da. Ruwa ya sauka ya cika, ba abin da ke fitowa sai kwaɗi da sauro. Yaya ta faɗa a bakin rijiya, da muryar nan tata, cewa Uwa ta karɓe ƴaƴanta ta hana mu, don wata ta tsare su shekaru a rami tana rabawa bibbiyu kamar kayan gadonta. Maganar ta zauna. Yaya ta rasu, maganar ba ta rasu ba. Matan yanzu da ba su taɓa ganin kifin ba, in an tambaye su, haka suke faɗa.

Yaron kuwa ya rayu. Ƙato ne yau, yana tuƙa mota tsakanin Filinge da Yamai, in ya zo ya kawo mini sukari da sabulu ya durƙusa ya gaishe ni. Uwarsa in ta dube shi tana ganin daidai ta yi. Ni ma in na dube shi ba ni da bakin cewa ba ta yi ba. Abin da ke cina ke nan.